Kilo 750 da Buhu Hamsin: Me Dokar Turai Ta Sani Game da Tirelolinmu Marasa Birki?

In ka taɓa tsayawa a bakin titin da ya tashi daga Kano ya bi ta Dambatta zuwa Kazaure a lokacin kaka, ka san abin da zan yi magana a kai. Tarakta ce tafe, tana jan tirela cike da buhunan gero ko dawa, an ɗora wasu a kan wasu har sun wuce bodi, samari biyar ko shida na zaune a can ƙololuwa suna ɗaga wa mutane hannu. Ka tambayi direban ko kayan ba su yi yawa ba, amsar da za ka ji guda ce: "Ai tana ja." Haka mai ƙaramar mota zai ce maka in ya ɗaura injin casa a baya, haka ma mai jan mataccen bas da sarƙa.

Wannan amsa ce nake so mu sa a sikeli yau. Amma ba ita kaɗai ba. Akwai wata doka da Turawa suka yi wa irin wannan ja, wadda ta fi shahara a wajen masu jan tirelar shaƙatawa, wato ɗan ɗakin nan mai taya da suke ɗaura wa mota su tafi hutu. Dokar tana da hankali a cikinta, tana kuma da wuraren da ta makance in aka kawo ta ƙasar Bichi ko Makoɗa. Duka biyun zan taɓa.

Ga dokar a taƙaice. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, tirelar da ba ta da birkin kanta ba za ta wuce kilo 750 ba, ita da kayan da ke cikinta gaba ɗaya. Ingila ta ƙara da cewa kada ta wuce rabin nauyin motar da ke janta, kuma duk wanda ya fi ƙanƙanta a cikin lambobin biyu shi ne iyakarka. In tirela ta haura 750, dole a sa mata birki, sannan ƙaramar mota za ta iya jan har kilo 3,500 in kamfanin da ya ƙera ta ya yarda da haka. Ostireliya ma a 750 ta tsaya. Lambar tsohuwa ce: yarjejeniyar zirga-zirgar titi da aka ƙulla a Biyana a 1968 ta kira duk tirelar da ba ta wuce kilo 750 ba da sunan ƙaramar tirela, Najeriya kuma ta shiga wannan yarjejeniya a 2018.

Lura da abu ɗaya. Mota ɗaya, inji ɗaya, direba ɗaya, amma lamba biyu. Abin da ya raba su birki ne kawai. Wato masu dokar ba su damu da tambayar "za ta ja?" ba. Tambayarsu ita ce "za ta tsaya?"

Ja abu ne mai arha

Je ka kalli ɗan garuwa a Dawanau ko Ungogo. Kurarsa na ɗauke da jarka goma sha biyu, kowace lita 25. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka ga kilo 300 ke nan, ban da nauyin kurar. Mutum ɗaya ne ke tura ta, wani lokacin ma da hannu ɗaya yana amsa waya. Ba ƙarfin Allah-tsine ba ne. Taya ce ta sauƙaƙa: a kan kwalta mai kyau, ƙarfin da ake buƙata don kaya masu taya su ci gaba da gangarawa bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na nauyinsu ba. Kilo 300 na buƙatar turin kilo uku zuwa shida kawai. Amma bari hanyar ta ɗan yi gangare, ko yaro ya gitta masa, ka ga yadda zai jingine da baya yana jan ƙafa a ƙasa, ruwa na fantsama. Ya san abin da direban taraktar nan ya ƙi sani.

Tsayawa kuwa ba taya ce ke sauƙaƙa ta ba, riƙon da ke tsakanin taya da ƙasa ne ke yin aikin. Kuma wannan riƙo ya dogara da abu biyu: irin ƙasar, da nauyin da ke danne tayar da ke da birki. Nauyin da ke kan tayar da ba ta da birki ba ya taimaka da komai, sai dai ya yi ta turi daga baya.

Mu yi lissafi, ba mai wuya ba. Ɗauki mota mai nauyin kilo 1,500 da mutanen cikinta, tana gudun kilomita 60 a awa a kan busasshiyar kwalta, tayoyinta da birkinta lafiya lau. Daga lokacin da birki ya kama zuwa tsayawa, kusan mita 20 za ta ci. Ɗaura mata tirela marar birki mai kilo 750. Ƙarfin birkin bai ƙaru ba, amma nauyin da zai tsayar ya koma 2,250, don haka mita 30. Ɗaura mata mai kilo 1,500, ya zama mita 40.

Mita 20 da mita 40, wani zai ce ai bambancin ba yawa. To duba shi ta wannan fuskar. A ce akwai yarinya mai tallar fura a daidai mita 20 ɗin nan. Mota ita kaɗai za ta tsaya a gabanta, a yi salati, kowa ya kama gabansa. Mai tirelar kilo 750 za ta iso wurin tana gudun kusan kilomita 35. Mai kilo 1,500 za ta iso da gudun kusan 42. Wannan duk a kan kwalta ne. A kan burji, inda riƙon taya kan faɗi zuwa kusan rabi, motar ita kaɗai za ta nemi mita 35 ko fiye, mai babbar tirelar kuma ta haura 70. Ban ma sa sakan ɗayan da direba ke ɓatawa kafin ƙafarsa ta kai kan birki ba, wanda a wannan gudu mita 17 ne.

Har nan dai dokar Turawa ta ci jarrabawa. "Ai tana ja" ta faɗi, domin tana auna abin da ba shi ne ke kisa ba.

Inda dokar ta fara ɗingishi

Matsalar ita ce an yi ta ne don mutumin da ba ya nan. An yi ta don mai mota a Jamus wanda tirelarsa ta fito daga kamfani da ƙaramin faranti a jiki an buga nauyinta, akwai sikelin mota a kusa da shi, ana duba lafiyar birkinsa lokaci-lokaci, kuma abin da zai ɗauka katifa ce da tukunyar gas. Mu kuwa tirelarmu mai walda ne ya haɗa ta a bakin kasuwa, ba wanda ya taɓa auna ta, shi kansa bai san kilo nawa ce ba. Ka ce wa mutum kada ya wuce 750 alhali bai san daga nawa ya fara ba, ka ba shi igiya ne marar bakin kamawa.

Sannan mu ba da kilo muke ƙirga ba, da buhu muke ƙirga, da jarka, da duro, da "ciko ɗaya". Wannan ba jahilci ba ne, ma'auni ne mai aiki, sai dai ba wanda ya zauna ya juya mana dokar zuwa cikinsa. Bari mu gwada. In ƙaramar tirela ta kai kilo 250 ba kaya, saura 500. Buhun masara ko dawa mai kilo 100, biyar ke nan. Buhun takin zamani ko siminti mai kilo 50, goma. Jarkar ruwa, ashirin. Duro mai lita 200, biyu da rabi. Biyar fa! Faɗa wa manomin Kunci cewa motarsa buhu biyar kawai za ta ja, ka ga irin kallon da zai yi maka.

Abin da ya fi ruɗi shi ne ido. Tirela cike da kara ko harawa har sama tana ba da tsoro, amma ba ta da wani nauyi. Tirela ɗaya ɗin, a zuba mata yashi daidai rabin bodi, ka ga kamar ba komai, alhali yashi mai cika akwatin mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi ya kai tan ɗaya da rabi in busasshe ne, jiƙaƙƙe kuma ya kusa tan biyu. Takin gargajiya ma haka yake, wanda aka kwasa da rani daban, wanda ruwan farko ya daka daban.

Maganar taki ta tuno min wani abu. Wannan yanki namu na kewayen birni, wanda asali shi ake kira karkara, masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi bincike a kansa tun shekarun 1960, yana mamakin yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ga mutane cike. Sirrin shi ne taki, kuma jaki ne ke kai shi da mangala daga birni zuwa gona. Jaki yana da wata daraja da injiniya zai yaba: kayan suna kansa, ƙafafun da ke ɗauke da nauyin su ne ke tsayar da shi. In ya yi masa yawa kuma ya durƙusa, ya ƙi tashi. Da muka koma amalanken shanu, muka raba kaya da birki, shi ya sa a gangare za ka ga karkiya ta turo wuyan shanun gaba. Da muka koma tarakta, muka ninka kayan sau da yawa, muka ƙara gudu, amma burtalin da za a bi bai ƙara faɗi ba, kuma a irin wannan ƙasa ba ka tafiyar kilomita ɗaya ba ka haɗu da gida, ko makarantar allo, ko garken awaki ba.

Tarakta, wadda dokar ba ta ma ambata

Dokar 750 ta ƙananan motoci ce. Babban mai ja a wajenmu kuwa tarakta ce, irin su Massey Ferguson 375 da 'yan uwanta. Kuma a nan ne "ai tana ja" ta fi yaudara, don an gina tarakta ne musamman saboda ja. Giyarta ta ƙasa za ta iya tayar da kayan da suka ninka ta sau uku ko huɗu ba tare da ta yi tari ba. Birkinta fa? A irin waɗannan taraktoci, tayoyin baya biyu ne kawai ke da shi.

A ce tarakta tan uku ce, kusan tan biyu na kan tayoyin baya. A kan hanyar ƙasa, mu ce riƙon taya rabin nauyin da ke kanta ne, wato ƙarfin tsayarwa na tan ɗaya. Ita kaɗai, a gudun kilomita 25, za ta tsaya cikin mita bakwai zuwa takwas. Yanzu ɗaura mata tirela mai taya huɗu, nauyinta tan ɗaya, da buhu hamsin, tan biyar. Jimilla tan tara, birkin kuma na tan ɗaya ɗin nan ne dai. Mita 22. Ga kuma inda abin ya fi muni: a gangaren da ke sauka mita ɗaya a kowace mita tara, turin da kayan ke yi ya kai tan ɗaya cif. Birkin ya ƙare ke nan. Taka shi har ƙasa, ba za ta tsaya ba, sai dai tayoyin su kulle su yi ta sulɓi, tirelar ta turo gindin taraktar gefe, su naɗe kamar an lanƙwasa gwiwar hannu.

Za ka ce ina muka ga gangare a ƙasar Kano ta arewa, ai shimfiɗe take kamar tabarma. Gaskiya ne, kuma shi ya sa muke tsira sau da yawa. Amma wuraren da ake loda kaya mafi nauyi su ne ainihin wuraren gangaren: bakin rafi inda ake ɗibar yashi, kududdufin da ake haƙar ƙasar gini, saukowa daga kan titin da aka ɗaga zuwa hanyar gona, da hanyoyin fadamun rani a kusa da madatsun ruwa irin su Tomas da Watari.

Kamfanonin tarakta sun san da wannan. Littattafan da ke zuwa da taraktoci da yawa, musamman na Amurka, suna ba da ƙa'ida mai sauƙi: abin ja marar birki kada ya wuce nauyin taraktar sau ɗaya da rabi, kada kuma a wuce gudun kilomita 32 da shi. In yana da birki, har sau huɗu da rabi. A ganina wannan ta fi dokar 750 amfani a gare mu nesa ba kusa ba, don kwatance ce ba lamba ɗaya ba, kowa zai iya juya ta zuwa abin hawansa. Tarakta tan uku, tan huɗu da rabi ke nan, cire nauyin tirela, saura buhu 35. Ba hamsin ba, amma kuma ba biyar ba. Magana ce da za a iya zama a yi da manomi.

Abin takaicin shi ne duk lokacin da aka jera sababbin taraktoci a fili don rabawa, abin da ake sanarwa shi ne guda nawa ne da ƙarfin doki nawa. Tirelar da za ta bi su ƙauye ba ta cikin jawabin.

A yi wa mai kayan adalci

Kada ka ɗauka ina cewa manomi ko direba wawa ne. Lissafi yake yi, kuma lissafinsa na da ƙarfi. Buhu 100 a sawu biyu ko a sawu uku, bambancin man dizal ne da kuɗin haya da rabin yini, a lokacin da kowa ke layin tarakta ɗaya. Ya yi sawu ɗari da buhu hamsin ba abin da ya faru, don a sawu ɗarin nan ba wanda ya gitta masa. Gwajin birki ba ya zuwa kullum. Shi ya sa "ai mun saba" ba hujja ba ce: sabon da aka yi, na ja ne.

Don haka ce masa ya rage kaya kawai ba zai yi tasiri ba. Abin da dokar Turai ke nunawa a ɓoye, wanda masu kwafo ta ba su cika faɗa ba, shi ne lamba ta biyu: sa birki, ka ɗauki fiye. Kuma birkin ƙaramar tirela ba tsafi ba ne. Irin wanda ya fi yawa a Turai ba ya buƙatar waya ko iska. Hancin tirelar ne aka yi shi yana zamewa ciki da waje kaɗan. In mota ta rage gudu, tirela ta turo, hancin ya shige, ya ja sanda, sandar ta ja birkin tayoyin tirelar. Wato turin da ke neman halaka ka shi ake juyawa ya zama birki, kuma yadda kaya suka fi nauyi haka yake fin kamawa. Yana da aibunsa: in ba a yi masa dabara ba yakan kama lokacin da kake son yin baya, ƙura da tsatsa na cinye shi, kuma a Turai ba a yarda da shi ba a tirelar mota da ta haura kilo 3,500. Tirelar tarakta mai tan biyar ko shida tana buƙatar birkin mai da za a haɗa da na taraktar.

Ga abin da ke ba ni haushi. Leƙa ƙarƙashin tirelolin da ake haɗawa a nan, sau da yawa za ka tarar ƙarfen tayoyin daga tsohuwar mota aka ciro shi, da durom ɗin birkinsa a jiki. An yanke bututun, an bar shi yana tsatsa. Na taɓa tambayar wani mai walda dalili, ya ce, "Malam, wa zai biya? Mai saye girman bodi yake dubawa." Ban ga laifinsa sosai ba. Laifin ya fi yawa a wajen waɗanda aikinsu ne su ce ga yadda za a ƙera. Muna da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, a tsakiyar wannan yanki. Muna da KNARDA da malaman gonarta. Muna da FRSC tun 1988, ga KAROTA, ga jami'an VIO. Zanen tirela guda mai birki, wanda mai walda zai iya bi da kayan da ake samu a Kofar Ruwa, ba aikin shekara goma ba ne.

Wasu abubuwan da lambar ba ta gani

Nauyi ɗaya, a jera shi iri biyu, ya ba ka tirela biyu daban. In ka tura kaya can baya, hancin tirelar ya yi sauƙi, yana ɗaga gindin mota, da an ɗan yi gudu sai ta fara kaɗa wutsiya. A Ingila ana ba da shawarar kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin tirela su sauka a kan ƙugiya, a Amurka 10 zuwa 15. Ruwa a tankin da bai cika ba yana gudu gaba in ka taka birki. Shanu da raguna a hanyar kasuwar Dambatta su ma kaya ne masu motsi. Mutanen da ke zaune a saman buhu kuwa ba a sa su a lissafin ba sam, don a inda aka rubuta dokar ba a yarda mutum ya hau tirelar mota tana tafiya ba.

Sai wurin ɗauri. In tirela ta maƙale a laka, akan ga an ɗaura sarƙa a can sama a bayan tarakta, wai don ta fi ja. Duk abin da aka ɗaura sama da tsakiyar tayoyin baya yana ɗaga gaban tarakta, kuma takan kife ta baya, a kan direba, cikin kamar sakan ɗaya da rabi. Ƙarfen ja na ƙasa shi ne wurinsa. Haka fedar birki biyun nan, ta hagu da ta dama, da ake raba su don juyawa a gona: in za a hau titi a haɗe su da ɗan makullinsu, in ba haka ba taka ɗaya zai juya ka cikin kwalbati.

Mataccen bas da ake ja da igiya ma tirela ce, sai dai ba ma kiransa haka. In inji a kashe yake, abin da ke taimaka wa ƙafa danna birki ya daina aiki bayan taka biyu ko uku, feda ta yi tauri kamar dutse.

In motarka 'yar Kwatano ce, irin Golf ko Sharan ko 406 da ta zo da ƙwallon ƙarfe a gindi, to wani ya taɓa jan tirela da ita a Turai, kuma amsar tambayarka na nan a jikinta. Buɗe bonet ko ƙofar gaba ka nemi faranti mai lambar mota. Za ka ga lambobi huɗu a jere da "kg" a gabansu. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar da kayanta, ta biyu iyakar mota da tirela a haɗe, sauran biyun na tayoyin gaba da na baya ne. Cire ta farko daga ta biyu, abin da ya rage shi ne kusan nauyin da za ta ja in tirelar na da birki. In ba ta da shi, koma kan 750 ko rabin nauyin motar. Ka kuma tuna an buga lambobin nan ne lokacin da motar ke sabuwa, da sababbin tayoyi, ba bayan shekara ashirin da biyar a hanyar Tsanyawa ba.